Darasi na Bakwai: Yadda Ake Ƙidayar Gwanako a Ciki da Wajen Gandun Daji

Mai kiwo yakan ƙirga dabbobinsa da yamma, ɗaya bayan ɗaya, sa'ad da suke shiga shinge. Dabbar daji kuwa ba ta da shingen da take komawa, ba ta kuma tsayawa a ƙirga ta. Wadda ka gani da hantsi a gabas, wataƙila ita ce za ka sake gani da la'asar a yamma. Duk da haka, hukuma ba ta iya yanke shawara a kan wata dabba, ko a kare ta ko a ba da izinin farautarta, sai an kawo mata adadi. A wannan darasi za ku ga yadda ake samo wannan adadi, da ƙofofin da kuskure yake bi ya shiga cikinsa. Za mu yi aiki da misalin gwanako, wata dabba ta Kudancin Amurka wadda aka shafe fiye da shekara 40 ana ƙidayarta, ana kuma gardama a kan abin da ƙidayar ta nuna.

Wace dabba ce gwanako?

Gwanako ɗan'uwan raƙumi ne, sai dai ba shi da tozo, kuma bai kai shi girma ba. Tsayinsa daga ƙasa zuwa kafaɗa ya ɗan ɗara mita 1, nauyin babba kuma yana kamawa daga kilo 90 zuwa 140. Yana da dogon wuya da tsagaggen leɓe irin na raƙumi. Bayansa ja-ja ne, cikinsa fari, fuskarsa ruwan toka. Asalin zuriyar raƙuma daga Arewacin Amurka take. Wani reshe ya ƙetara zuwa Asiya, daga nan ya kai Afirka, wani kuma ya gangara kudu kimanin shekara miliyan 3 da suka wuce. A yau akwai iri huɗu a Kudancin Amurka: gwanako da bikunya na daji ne, lama da alfaka na gida. Daga gwanako mutanen tsaunukan Andes suka samar da lama, dubban shekaru da suka gabata.

Mafi yawan gwanako suna yankin Patagoniya, wato ƙarshen kudancin Ajantina da Chile. Ƙasa ce mai faɗi, mai ƙarancin ruwan sama, mai gajerun tsirrai da iska mai ƙarfi da ba ta cika lafawa ba. Ku riƙe cewa yanayin shekara a can juye yake da na arewacin duniya: tsananin sanyi da dusar ƙanƙara daga Yuni zuwa Agusta ne, lokacin ɗumi kuma daga Disamba zuwa Fabrairu.

Wanda zai ƙirga dabba sai ya san zamanta. Gwanako yana zaman iyali: namiji ɗaya, mata kaɗan da 'ya'yansu, a wani fili da namijin yake tsarewa, yana korar duk namijin da ya kusanto. Mazan da ba su samu fili ba sukan haɗu su yi garke nasu, wani lokaci mai yawan gaske, wasu kuma su yi zaman kaɗaici. Mace tana ɗaukar ciki wata 11 da 'yan kwanaki, ta haifi ɗa guda, galibi a farkon lokacin ɗumi. Mutanen yankin suna kiran jaririn chulengo. Babban abokin gabarsa a daji shi ne puma, wani dangin damisa marar zane a jiki. In namiji ya hango haɗari sai ya yi wani kuka mai kama da haniniya, garken duka ya zura da gudu.

Yadda tumaki suka ture shi

An ƙiyasta cewa kafin zuwan Turawa akwai gwanako tsakanin miliyan 30 da miliyan 50. Babu wanda ya ƙirga su a lokacin. An dubi faɗin ƙasar da yawan abincin da ke cikinta ne aka yi lissafi, don haka ku ɗauki adadin a matsayin ƙiyasi kawai. Ƙabilun Tehuelche da Selk'nam da shi suka dogara: namansa abinci, fatarsa tufa da tanti.

A ƙarshen ƙarni na 19 aka shigo da tumaki Patagoniya. Aka yanka ƙasar zuwa manyan gonakin kiwo da ake kira estansiya, aka kewaye su da shingen waya. Zuwa shekarun 1950 tumakin ɓangaren Ajantina sun kai kusan miliyan 22. Tunkiya da gwanako kusan abinci ɗaya suke ci, saboda haka masu gonaki suka ɗauke shi ɓarawon ciyawa, suka yi ta harbinsa. Fatar chulengo kuma tana da laushi da tsada, aka riƙa fitar da ita ƙasashen waje da ɗaruruwan dubbai a shekarun 1970. A 1993 hukumar yarjejeniyar CITES, mai lura da cinikin namun daji tsakanin ƙasashe, ta ba da shawarar a dakatar da sayen kayan gwanako daga Ajantina, domin ƙasar ba ta iya nuna cewa cinikin ba ya cutar da dabbar ba. Kafin a buɗe ƙofar sai da aka nemi tsari da adadi, kuma a 2006 Ajantina ta fitar da tsarinta na ƙasa na kula da gwanako. Kun ga ke nan, buƙatar ƙidaya ba daga sha'awar masana kaɗai ta taso ba. Kasuwa da doka ne suka tilasta ta.

A ƙiyasin 2016 na IUCN, ƙungiyar kare halittu ta duniya, gwanako da suka rage suna tsakanin miliyan 1.5 da miliyan 2.2, fiye da kashi 80 cikin ɗari a Ajantina, yawancin sauran a Chile. A Peru 'yan dubbai ne, a Bolibiya da Paraguwai kuwa ɗaruruwa ne ko ƙasa da haka. Dabba ɗaya, a wani wuri ana kukan ta yi yawa, a wani ana tsoron ƙarewarta.

Nawa ne a kowace murabba'in kilomita?

Jimillar dabbobi ita kaɗai ba ta cewa komai. Gwanako 500 a fili mai murabba'in kilomita 20 cunkoso ne, domin 25 ke nan a kowace murabba'in kilomita. Waɗannan 500 ɗin a fili mai murabba'in kilomita 2,000 kuwa, sai ka yi murabba'in kilomita 4 kafin ka samu guda. Shi ya sa ma'aikatan gandun daji suke neman yawan dabbobi a kowace murabba'in kilomita. Da wannan ma'auni ne ake iya gwada gandun daji da gonar da ke maƙwabtaka da shi, ko bana da bara, ko yawan baki masu ci da yawan ciyawar da ƙasa take fitarwa.

Hanya mafi sauƙi ita ce a ƙirga kowa da kowa. Tana yiwuwa a ƙaramin wuri, ko inda kowace dabba take da kamanninta. A yankin Kure na Jamhuriyar Nijar, alal misali, ana ɗaukar hoton kowane raƙumin dawa, domin zanen jikin kowanne daban yake da na ɗan'uwansa. Da haka aka san cewa a 1996 guda 49 kawai suka rage, aka kuma bi ƙaruwarsu har suka kai ɗaruruwa. Gwanako bai ba da wannan dama ba. Dukansu kama ɗaya suke, kuma filin ya fi ƙarfin ido. Dole a ƙirga wani ɓangare, a auna faɗinsa, sannan a yi lissafin sauran.

Ƙidaya a kan layi

Hanyar da aka fi amfani da ita a Patagoniya ita ce bin layi ana auna tazara. Ana zaɓar layuka masu sanannen tsawo, galibi hanyoyin mota na cikin daji. Mota mai buɗaɗɗen baya tana tafiya a hankali, mutum biyu suna tsaye a baya, ɗaya yana duban dama, ɗaya hagu. Da zarar an hango garke sai a tsaya. Da madubin hangen nesa ake ƙirga dabbobin, a rubuta manya nawa, chulengo nawa, kuma iyali ne ko garken maza. Da na'urar auna tazara, mai aiki da hasken leza, ake sanin nisan garken daga mota. Da kamfas ake ɗaukar kusurwar da ke tsakanin hanya da inda garken yake. Na'urar GPS kuma ta ba da wurin da aka tsaya. Haka za a yi ta yi, cikin iska da sanyi, har layin ya ƙare.

Hausawa suna cewa ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima. A wannan aiki ba a yarda da ƙimar ido, domin a fili mai shimfiɗa mita 300 da mita 450 kusan ɗaya suke ga mai kallo, kuma duk lissafin a kan tazarar yake tsaye.

Tazarar da ake buƙata ba ta tsakanin mota da garke ba ce. Wadda ake so ita ce mafi gajarta tsakanin garken da layin da ake bi. In an hango garke a gaba, a nisan mita 400, a kusurwar digiri 30 daga hanya, to nisansa daga hanyar rabin haka ne, mita 200. In kusurwar digiri 90 ce, wato garken yana daidai gefen mota, nisan da na'ura ta nuna shi ne nisansa daga layi.

Me ya sa ake wannan wahala? Saboda ba duk dabbar da ke wurin ake gani ba. Wadda ke bakin hanya ba ta ɓuya. Wadda ke nesa kuwa, wani tudu ko wata ƙaramar bishiya ta isa ta tare ta, ga launinta ya saje da na ƙasa. Da a ce mun ɗauka duk abin da ke cikin mita 500 dama da hagu mun gan shi, da adadinmu ya yi ƙasa da gaskiya sosai. Hikimar hanyar ita ce, tazarorin da aka rubuta su da kansu suke gaya mana yawan abin da ya kuɓuce mana.

Ga misali da adadin da aka tsara don koyo kawai. An bi layi mai tsawon kilomita 50 a cikin gandun daji, an ga garke 60. Da aka kasa su bisa nisansu daga layi, sai aka samu 20 a cikin mita 100 na farko, 18 tsakanin mita 100 da 200, 12 tsakanin 200 da 300, 7 tsakanin 300 da 400, sai 3 tsakanin 400 da 500. Ba wani dalili da zai sa garkuna su yi yawa kusa da layi su yi ƙaranci a nesa, in dai layin bai bi wani wuri na musamman ba. Raguwar daga idonmu take. In mun yarda cewa a mita 100 na farko mun ga kowa, to kowane sashe yana da kusan garke 20, jimilla 100 a sassa biyar. Mun ga 60, wato kashi 60 cikin ɗari. Kashi 60 cikin ɗari na mita 500 shi ne mita 300. Ma'ana, ganin da muka yi daidai yake da a ce mun ga kowa da kowa har zuwa mita 300 a kowane gefe, ba mu kuma ga komai bayan nan ba.

Saura lissafi. Mita 300 dama da mita 300 hagu, mita 600 ke nan, ko kilomita 0.6. A ninka da tsawon layi, kilomita 50, a samu murabba'in kilomita 30. In matsakaicin garke dabba 5 ne, garke 60 dabba 300 ne. A raba 300 gida 30: gwanako 10 a kowace murabba'in kilomita.

Yanzu mu tsallaka shinge zuwa gonakin tumaki. A can ma an ga garke 60, amma sai da aka bi kilomita 200, kuma matsakaicin garke dabba 4 ne, jimilla 240. In faɗin gani bai canza ba, filin da aka duba shi ne 200 sau 0.6, murabba'in kilomita 120. A raba 240 gida 120, a samu 2. Wanda ya dubi littafin rubutu kawai zai ce an ga garke 60 nan, an ga 60 can, ashe ɗaya suke. Alhali gandun dajin ya ninka gonakin sau biyar.

A aikin gaske ba da hannu ake wannan lissafi ba. Akwai manhajar kwamfuta mai suna Distance, wadda masana na Jami'ar St Andrews da ke Sukotland suke cikin waɗanda suka samar da ita. Takan zana yadda gani yake raguwa da nisa, ta fitar da adadi tare da iyakarsa ta ƙasa da ta sama. Masu hanyar suna ba da shawarar a samu aƙalla garke 60 zuwa 80 kafin a amince da sakamako. In kuka ga rahoto ya ce gwanako 10 ne a murabba'in kilomita bai faɗi cewa yana iya zama 7 ko 14 ba, to rabin magana ya faɗa.

Inda ƙidaya take ruɗuwa

Babban abin da ke ɓata wannan hanya shi ne tsoro. A cikin gandun dajin da 'yan yawon buɗe ido suke zuwa, irin su Torres del Paine na Chile, gwanako ya saba da mota, yana iya ci gaba da kiwo a bakin hanya. Inda ake harbinsa daga cikin mota kuwa, tun daga nesa yake gudu. Binciken da aka yi a yammacin Ajantina ya tabbatar da wannan bambanci tsakanin wuraren da ake farauta ba bisa doka ba da waɗanda ba a yi. In garke ya gudu kafin a hango shi, za a rubuta shi a nesa alhali da farko kusa yake, ko ma a rasa shi gaba ɗaya. Sakamakon sai ya rage yawan na waje, ya ƙara wa gandun daji fifikon da ya wuce nasa. Ƙa'ida ita ce a auna inda garken yake tun farko, ba inda ya tsaya bayan gudu ba. Faɗinta ya fi aikata ta sauƙi.

Hanyar mota ma ba a shimfiɗa ta don ƙidaya ba. Tana bin kwari, tana ratsa mashaya da gidajen gona, tana kauce wa duwatsu. Abin da aka gani daga kanta ba lallai ya wakilci sauran ƙasar ba. Haka kuma babban garke ya fi ƙarami saurin ganuwa daga nesa, don haka matsakaicin girman garke yakan kumbura in ba a gyara lissafin ba.

Sai lokaci. Ƙidayar Janairu cike take da chulengo, waɗanda da yawansu ba za su ga ƙarshen hunturu ba. In aka ƙirga bara bayan haihuwa, bana kuma bayan sanyi, sai a ce dabbobi sun ragu alhali watan ƙidaya kawai aka sauya.

Akwai wasu hanyoyin. Ƙaramin jirgin sama yana rufe ƙasa mai faɗi, ba ya kuma dogara da hanyar mota, amma yana da tsada, kuma saurinsa yana sa a rasa dabbobi, shi ya sa ake haɗa shi da ɗaukar hoto. Jirgi marar matuƙi yana da amfani a ƙaramin fili. A dajin Chaco na Bolibiya, inda kurmin ƙaya yake tare ido kuma dabbobin ba su da yawa, an fi dogara da sawu da kashi da kyamarar da ke ɗaukar hoto da kanta, da kuma mutanen yankin da masaniyar halittu Erika Cuéllar ta horar su zama masu sa ido.

Abin da aka gani a ɓangarorin shinge biyu

A yankin Valdés da kewayensa, a lardin Chubut na Ajantina, Ricardo Baldi da abokan aikinsa sun bi layuka suna ƙirga gwanako da tumaki tare. Sakamakon da suka buga a 2001 ya nuna cewa inda tumaki suka yi yawa gwanako kaɗan ne, kuma tumaki sun mamaye wurare masu kyawun ciyawa, gwanako ya koma inda ƙasa ta fi tsiya. Wannan yana da muhimmanci ga mai karanta taswira: inda aka fi ganin dabba a yau ba lallai nan ta fi so ba, wataƙila nan aka bar mata.

A 2005 gidauniyar Vida Silvestre Argentina ta sayi wata gonar tumaki a Valdés mai faɗin hekta dubu 7 da ɗoriya, ta kwashe tumakin, ta mai da ita keɓaɓɓen wuri mai suna San Pablo. Aka riƙa ƙidaya shekara bayan shekara. Cikin 'yan shekaru yawan gwanako ya ninka sau da dama, da saurin da haihuwa kaɗai ba za ta iya kawowa ba. Wasu daga maƙwabta suka shigo. Daga baya ƙaruwar ta tsaya. Andrea Marino da abokan aikinta sun danganta tsayawar da halin mazan nan masu tsare fili: in filaye sun ƙare, sabon iyali ba ya samun wurin zama, sai yawan ya tsaya kafin ciyawa ta ƙare. Da ƙidaya ɗaya aka yi, ko biyu, da ba a ga wannan ba. Da an tsaya a shekara ta uku, da an ce dabbobin za su yi ta ninkawa har su cinye wurin.

Amma ba ko'ina abin yake ƙarewa haka ba. A Cabo Dos Bahías, wani ƙaramin keɓaɓɓen wuri a gaɓar tekun Chubut, gwanako sun taru da yawa, teku a gefe guda, gonakin kiwo a ɗaya gefen. A hunturun shekarar 2000 fiye da kashi 80 cikin ɗari suka mutu, kuma yunwa aka ɗora wa laifin. Yawan dabbobi a cikin gandun daji, ashe, wani lokaci ba alamar lafiya ba ce, alama ce ta rashin mafita. Shingen waya kansa yana kisa: gwanako yakan yi tsalle ƙafarsa ta maƙale tsakanin wayoyin sama, kuma ƙanana sun fi manya faɗawa wannan tarko.

La Payunia, a lardin Mendoza, darasinta daban ne. Can akwai dubban gwanako masu ƙaura tsakanin wurin kiwon ɗumi da na sanyi, tafiyar kilomita gommai. Abin wuya mai GPS da aka ɗaura wa wasu ya nuna hanyoyin da suke bi, waɗanda wasunsu sun ratsa filayen masu zaman kansu. Wanda ya ƙirga a ɓangare guda a watan da suka tashi zai ce an ƙare su. Tun 2005 wata ƙungiyar haɗin kai ta masu kiwon awaki, Payún Matrú, take tara gwanako na daji, ta aske gashinsu mai laushi da tsada, ta sake su. Ita ma wannan sana'a ƙidaya take buƙata, a san nawa za a kama, a kuma duba ko kamun yana watsa iyalai.

Gardama a kan adadi

An daɗe ana cewa gwanako na duniya duka ba su wuce dubu 600 ba. A 2015 Alejandro Travaini da abokan aikinsa suka buga sakamakon ƙidayar da suka yi a kan dubban kilomitoci na hanyoyin lardin Santa Cruz, da wannan hanya ta auna tazara. Suka samu kimanin miliyan 1.1 a lardin kaɗai. Mai gaggawa zai ce dabbobin sun yi mummunar ƙaruwa. Wani ɓangare na bambancin ƙaruwa ce ta gaske, domin tumaki sun ragu kuma an yi watsi da gonaki da yawa. Amma babban ɓangare daga ma'auni yake: tsofaffin ƙiyasai ba su lissafa abin da ido ya rasa ba. Adadi biyu da aka samo ta hanyoyi daban ba a ɗebe ɗaya daga ɗaya a kira saura ƙaruwa.

Masu gonaki suna cewa gwanako yana fitowa daga gandun daji da gonakin da aka yasar, ya cinye ciyawar da suka tanada, ya sha ruwan da suka haƙa. Kukansu ba na banza ba ne: mai gona yana iya ɗauke tumakinsa daga wani fili don ya huta, amma ba ya iya hana gwanako tsallake waya. A 2019 Gabriel Oliva da wasu masana na INTA, hukumar binciken noma ta Ajantina, suka buga lissafin da ya ce tumaki da gwanako a haɗe sun fi ƙarfin ciyawar Patagoniya. Marino da wasu suka mayar da martani, suna ƙalubalantar yadda aka yi lissafin, suna tunatar da cewa lalacewar ƙasar ta samo asali tun zamanin da tumaki suka cika ta gwanako kuma ya yi ƙaranci. A ɓangaren Chile na tsibirin Tierra del Fuego hukuma tana ba da izinin harbin wani adadi a shekara, kuma daga ƙidaya ake fitar da adadin. Kuskuren kashi 30 cikin ɗari a littafin mai ƙidaya dubban dabbobi ne a ƙasa.

A ganina, ƙaton adadi na lardi guda ya fi amfani ga masu jawabi. Abin da ya fi wa ma'aikacin gandun daji amfani shi ne layuka ƙayyadaddu, wasu a ciki wasu a waje, a bi su a wata ɗaya kowace shekara, da hanya ɗaya, ana ƙirga tumaki da gwanako tare, ana kuma auna ciyawa. In mai gona yana cikin motar yana riƙe da madubin, ya fi kyau, domin da wuya mutum ya ƙaryata adadin da aka ƙirga a gabansa. Tun da a Fabrairun 2024, a wani taron ƙasashen duniya da aka yi a birnin Samarƙand, aka sa gwanako cikin dabbobi masu ƙaura da ƙasashe za su haɗa kai wajen kula da su, irin wannan daidaiton hanya ya zama abin buƙata har a tsakanin ƙasa da ƙasa.

Aikin yi

1. An hango garke a nisan mita 600, a kusurwar digiri 30 daga hanya. Nawa ne nisansa daga layi?

2. An bi layi mai kilomita 80, an ga garke 64, matsakaicin garke dabba 6. Faɗin gani mita 250 ne a kowane gefe. Ku fitar da yawan gwanako a kowace murabba'in kilomita. In gandun dajin yana da murabba'in kilomita 400, nawa ne ƙiyasin jimilla? Wane sharaɗi ne dole layukan su cika kafin ku amince da wannan jimilla?

3. Wani rahoto ya ce a Janairun bara an samu gwanako 12 a murabba'in kilomita daga jirgin sama, a Satumban bana kuma an samu 8 daga mota, don haka sun ragu da kashi ɗaya cikin uku. Ku kawo dalilai uku da za su hana ku karɓar wannan hukunci.

4. Ku kasu gida biyu, masu gonar tumaki da ma'aikatan gandun daji. Kowane ɓangare ya rubuta inda yake so a shimfiɗa layukan ƙidaya da watan da yake so a yi ta, sannan ku zauna ku fitar da tsari guda da kowa zai sa wa hannu.